Takardar da na sa wa hannu a kan Kawu Nyam

Small Heath, Birmingham

Zuwa ga mahaifiyata, Umma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki cikin ladabi, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da duk mutanen gida a Bukuru. Yaya ƙafar? 'Yar'uwata Bilqis ta tsegunta mini cewa da zarar kin ji dama-dama sai ki tura maganin ƙarƙashin katifa. Umma, don Allah ki riƙa shanyewa, ba ado aka saya miki ba. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya jiƙan Baba da rahama. Mu a nan muna lafiya. Matata Zinatu tana nan a ofishin likitan unguwa, Hafsa ta shiga jami'a, Latifa ta fi uwarta tsawo, shi kuwa Zaid har yanzu da magariba yake ce wa mutane ina kwana, kuma ba ya karɓar gyara.

Za ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali muna waya duk Juma'a. Sau uku ina ɗaukar wayar da niyyar gaya miki wannan magana, sai in ji muryarki in ɓige da zancen ruwan sama. Maganar ƙaninki ce, Kawu Nyam. Yana nan da ransa, kada hankalinki ya tashi. Amma na yi masa wani abu, kuma na fi so ki ji daga gare ni.

Kin san shekara ashirin da shida yana kula da tsohon cocin nan na Levenshulme a Manchester, yana zaune a ɗan gidan da ke manne da bayansa. Ke kika musulunta kika auri Baba, shi ya tsaya a addinin iyayenku, kuma ban taɓa ganin hakan ya rage komai tsakaninku ba. Da na zo ƙasar nan karatu, a wannan gidan na yi shekara biyu, matarsa marigayiya Inna Hannah tana ware mini tukunyata daban, shi kuma yana buga mini ƙofa in tashi sallar asuba. To, cocin ya mutu a tsaye. Ginin da aka yi don mutum ɗari huɗu ya koma tsofaffi goma sha huɗu, rufi yana yoyo, Kawu yana bin bokitai yana zubarwa. Bara shugabannin cocin suka yi yarjejeniya da wata ƙungiyar gina gidaje: a yanka ginin a fitar da ƙananan gidajen zama, wato flat, ashirin da biyu, a bar babban zauren ga jama'ar unguwa, a riƙa rabon abinci da koyar da Turanci da taron suna da duk abin da ya taso. Ban ga laifin wannan ba, Umma. Mutane suna kwana a titi a garin, gini kuma yana ruɓewa. Sai dai gidan Kawu yana cikin abin da za a rushe.

An ware flat shida a ƙasa don tsofaffin da suka fi kowa buƙata, kuma kowa ya ɗauka Kawu ne na farko a layi. Sai ƙungiyar ta turo wata ma'aikaciya mai suna Zoe ta duba halin da yake ciki. Umma, kin san ƙaninki. Baƙuwa za ta zo, sai ya sa kwat ɗinsa na Lahadi, ya sayo biskit, ya ja labule ya rufe bangon da danshi ya cinye, ya ɓoye sandarsa a bayan firiji. Ta tambaye shi lafiyarsa, ya ce garau yake, mutumin da ke fama da ciwon sukari da gwiwa. Ta tambaye shi ko yana da inda zai je idan an rushe gidan, sai ya gyara zama ya ce shi ba marar gata ba ne, ɗan yayarsa injiniya ne a Birmingham, yana da gidan bene. Duk ta rubuta.

Kashegari ta kira ni ina wurin aiki, ta tambaye ni ko gaskiya ne zan iya ɗaukar kawuna. Me kike so in ce? Baturiyar da ban taɓa gani ba tana tambayata ko zan bar ƙanin mahaifiyata a waje. Na ce mata gidana gidansa ne, ya zauna har iyakar ransa. Har da ƙarin cewa mu a wurinmu ba a ma yin irin wannan tambaya. Na ajiye waya ina jin kaina, na dawo gida na ba Zinatu labari ina jiran yabo. Sai ta ɗora hannu a ka. Ita da take ganin irin waɗannan takardu kullum, ta ce na gama da Kawu. A tsarinsu, wanda yake da inda zai je ba mabuƙaci ba ne. Bayan mako uku takarda ta zo, an sa sunansa can ƙasan layi, inda mutum zai shekara takwas yana jira.

A watan Fabrairu aka karɓi makullan cocin daga hannunsa, na je na ɗauko shi. Gidan benen da ya yi alfahari da shi, kin gan shi a hoto: ɗaki uku ne ƙanana, a matse tsakanin gidajen maƙwabta, matakala a miƙe kamar tsani, banɗaki kuma a sama. Muka ba shi ɗakin Zaid, Zaid ya koma falo. Ba wanda ya yi ƙorafi, yaran suna sonsa. Amma Kawu ya fara ƙarewa a gabanmu. A nan masallatai ne ko'ina, cocin da ya samu sai ya hau bas biyu, kuma ba wanda ya san sunansa a can. Mutumin da ya saba da ɗaurin makullai a ƙugu ya koma zaman taga. Da azumi ya kama, sai ya ƙi cin abinci da rana don kunyarmu. Zinatu ta yi roƙo, ta yi faɗa, ta kai masa har ɗaki, ya ce ya ƙoshi. Mai ciwon sukari fa, Umma! Wuyan rigarsa ya yi masa yawa kafin sallah.

Na je unguwar Sparkhill wurin Malam Halliru, wani Bakano da ke taimaka wa mutanenmu da cike fom. Ya saurare ni, ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce ilimin injiniya bai hana ni zama baƙauye ba. Ya ce akwai damar ɗaukaka ƙara, amma hanya ɗaya ce: in rubuta da hannuna cewa ban yarda Kawu ya ci gaba da zama a gidana ba, in sa ranar da zai fita. Ya ce 'yan ƙungiyar ba sa son jin gida ya yi kaɗan, kowa gidansa ya yi kaɗan, so suke su ga an ce ba a so. Na dawo na zauna da Kawu na yi masa bayani a hankali, na ce takarda ce kawai, ni da shi mun san gaskiya. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce gara ya kwana a ƙarƙashin gada da a rubuta a ofishin Turawa cewa ɗan Yaya ya kore shi. Ya ce abin da aka rubuta a ƙasar nan ba ya gogewa, wata rana jikoki za su gani. Ya sa na yi masa alkawari ba zan yi ba, kuma na yi.

Bayan kwana goma ya faɗo daga matakala. Ba kowa a gidan, yana kwance a ƙasa tun ƙarfe goma har Zinatu ta dawo da azahar. Allah ya tsare bai karye ba, amma ya kasa tashi ya kai kansa banɗaki, kin gane abin da nake nufi. Ni na wanke shi a ranar, yana kallon bango yana ba ni haƙuri. Kwana biyu suka rage a rufe karɓar ƙara. Umma, na karya alkawarin. Na rubuta cewa ni Bara'u ba na son Nyam ya ci gaba da zama a gidana, kuma ya fita kafin ƙarshen watan Yuni. Na sa hannu na aika, ban gaya wa ko Zinatu ba. A lissafina zai ga an ba shi gida ne kawai, ya ce Allah ne ya taɓa zuciyarsu.

Abin da ban sani ba, kuma Malam Halliru bai ga dama ya faɗa mini ba, shi ne idan sun yanke hukunci suna haɗawa da kwafin duk takardar da suka dogara da ita. Ambulan ya iso wata Talata da safe muna karyawa. Shafin farko ya ce an ba shi flat a ƙasa, a cikin cocinsa. Na ga fuskarsa ta washe, har ya ɗaga kai zai yi mini magana, sai ya juya shafi na biyu. Ya karanta, ya koma farko ya sake karantawa. Ya ninke takardar yadda ta zo, ya shanye shayinsa, ya wanke kofin da kansa, ya kama ƙarfen matakala ya hau. Na bi shi ina rantsuwa ina bayani. Ya ce ya gane, ba komai. Wallahi da ya zage ni ko ya ɗaga mini hannu da na fi samun sauƙi.

Kwana tara ya ƙara a gidan, yana wasa da yara, yana gode wa Zinatu, ni kuwa gaisuwa kawai. Ranar tashi ashe ya riga ya shirya da wani ɗan cocinsu ya zo da mota. Na kai hannu zan ɗauki akwatinsa, ya ce a bari, direba zai ɗauka. Na bi su a baya da motata har Manchester, ba wanda ya gayyace ni. Wurin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ɗakinsa yana daidai inda ake koyar da yara ranar Lahadi a da, akwai ɗumi, babu matakala, an kafa ƙarfen riƙewa a banɗaki. Tsofaffin cocin sun taru suna ta rungumarsa, a zauren kuma wasu mata 'yan Somaliya suna jera kujerun walima. Da kowa ya watse na tsaya a bakin ƙofa ina jiran ya ce in shigo. Sai ya miƙo mini hannu, ya yi mini godiya da Turanci, ya kira ni Mista Bara'u. Umma, tun ina cikin zani Kawu bai taɓa kirana da wani suna ba sai Ɗan'azumi, kuma bai taɓa yi mini Turanci ba. Ya rufe ƙofar a hankali.

Yau mako biyar ke nan. Ina kira ba ya ɗauka. Na je sau biyu, ya aiko maƙwabcinsa ya ce yana hutawa. An ce ya yi ƙiba, an ma ba shi makullin zauren yana buɗewa da safe. Na yi murna da jin haka, kuma raina yana ƙuna. Abin da ya fi damuna shi ne na bincika zuciyata, na tarar ko yau aka maido ni ranar da na wanke shi, zan sake sa hannun. Ban san ko wannan ya sa na zama ɗan kirki ko ɗan banza ba, ke za ki faɗa.

Ba ina roƙon ki ba shi haƙuri a madadina ba ne, kuma don Allah kada ki yi masa faɗa, yana da gaskiyarsa. Abu ɗaya nake so: ki riƙa kiransa ranar Lahadi da yamma ki tambaye shi ko yana yin allurarsa. Ni nake tuna masa a da. Idan ya karanta miki takardar, ki saurara har ƙarshe, ba ƙarya ya yi ba, rubutuna ne da sa hannuna.

Ki gaishe mini da Bilqis da maigidanta Ishaq da yaransu, da Gwaggo Hajar, da Ameen idan ya leƙo daga Bauchi. Zinatu tana gaishe ki ƙwarai, Hafsa da Latifa da Zaid suna gaida kakarsu. Shekara ashirin da uku duk saƙon da na aiko gida sai na haɗa da gaisuwar Kawu. Wannan karon bai ba ni ba, ni kuma ba zan ƙara rubuta abin da bai yarda da shi ba.

Ki yafe mini, ki sa ni a addu'a.

Ɗanki,
Bara'u