Hannun Da Bai Taɓa Miƙewa Ba

Ni, Reuben Thwaite na ƙauyen Skelbeck, ina rubuta wannan da hankalina garau, yau sha huɗu ga Maris, 1981. Likita ya ce huhuna ya gama aiki, ƙurar kwal ta cinye shi. Bai ce kaina ya taɓu ba. Saboda haka, 'ya'yana Cyril da Doreen, kada ɗayanku ya ce tsoho ne yake sambatu.

Na ɗaya. Gida naku ne ku biyu, rabi da rabi. Agogon mahaifiyarku, marigayiya Nellie, na Doreen ne. Tattabaruna a ba maƙwabcina Stan, shi ya san halinsu. Sauran tarkace ku yi yadda kuka ga dama, ba su suka sa na ɗauki alƙalami ba.

Na biyu. Jan ƙwallon kurket, wasan nan na wurgi da bugu da sanda, da ke kan kanta, wanda ya hana ku gaisawa tun Kirsimeti. Cyril, ka yi wa kulob ɗin gundumarmu alkawarin za ka kai musu shi su sa a gilashi. Na ji abin da ka ce wa ƙanwarka a kicin: "Haba Doreen, shekara arba'in da shida fa! Abin nan ya wuce." Na kuma ji amsarta: "Ya wuce a wurin wa, uban 'yan sulhu? Ka karanta abin da za su rubuta a ƙarƙashinsa?" Ni na karanta. "R. Thwaite, wasa goma sha ɗaya, an dakatar da shi saboda jifa." To, ku saurara, daga yau ba zan sake faɗa ba.

Ina shekara goma sha biyar keken kwal ya danne mini gwiwar hannun dama a cikin ramin haƙar kwal. Ta warke a lanƙwashe kamar mariƙin butar shayi, kuma tun daga ranar ba ta miƙe ba. Da hannun nan na koyi wurga ƙwallo, da shi kulob suka gan ni suka fito da ni daga rami a 1934. Dokar wasa a fili take: ƙwallo daga kafaɗa yake fitowa. Wanda ya lanƙwasa gwiwar hannu sannan ya miƙe ta wajen saki, shi ne ya yi jifa, kuma a wasanmu sunansa macuci. To hannun da ba ya miƙewa, da me zai yi jifa?

A wasa goma na farko na fitar da masu bugu arba'in da uku. Da ƙwallon nan na fitar da bakwai rana ɗaya, har ta tsakiya cikin sanduna ukun da mai bugu yake karewa ta tsage biyu. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. A wasa na sha ɗaya alƙali ya ɗaga hannu ya yi ihu, "Jifa!" Sau huɗu a jere, a gaban mutum dubu shida, mahaifina yana cikinsu da rigar cocinsa.

Aka kira ni gaban kwamiti, manya biyar, irin waɗanda ƙofar shigarsu fili daban take da tamu 'yan albashi. Na naɗe hannun riga na ɗora hannuna a kan teburinsu. Na ce wa shugabansu, "Ranka ya daɗe, taɓa ka ji. Miƙe shi in ka iya. In ya miƙe, na yarda ni macuci ne." Ya ja kujerarsa baya, ya ce, "Thwaite, saki hannun rigarka. Nan ba mahauta ba ce." Ba wanda ya taɓa. Suka ce in rubuta takardar ban haƙuri, in gyara wurgina, wataƙila su duba baɗi. Ranar Litinin na koma rami. Nellie ta ce, "Kai dai Reuben, da ana cin taurin kai, da gidan nan mun yi ƙiba." Gaskiyarta ne, ta sha wuya saboda ni, kuma wannan kaɗai nake nadama. Takardar kam ban rubuta ba, kuma ko yau aka kawo ba zan rubuta ba.

Ƙwallo zai zauna a hannun Doreen har sai an cika na uku.

Na uku. Kada a rufe akwatin gawata sai sakataren kulob na yanzu ya zo. Cyril, tunda kana shan shayi da su, kai za ka kawo shi. Doreen, ke za ki buɗe masa ƙofa, ta gaba, ki ba shi kujera, ban da harara. Yaron kirki ne, ba a haife shi ba lokacin. Ku naɗe mini hannun rigar dama har kafaɗa. Ku ce ya kama, ya miƙe shi, ya sa iya ƙarfinsa, ba zan ji zafi ba. Abin da hannunsa ya gaya masa, shi zai rubuta a ƙarƙashin ƙwallon. In ya rubuta, ku kai musu ƙwallon tare. In ya ƙi zuwa, ko ya zo ya ƙi taɓawa, ku sa mini ƙwallona a tafin hannu ku rufe.

Na huɗu. Bayan wannan, maganar ta mutu tare da ni. Ni na ɗauki gabar nan, ban bar muku ita gado ba. Cyril, ba ka ci amanata ba, so kake a tuna da ubanka. Doreen, yayanki ne, ba kwamiti ba. Ku ci abincin Lahadi a teburi ɗaya, 'ya'yanku su san juna. Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya ba ku lafiyar huhu.

Ku kuma gaya wa kafinta ya ƙara wa akwatin faɗi ta ɓangaren dama. Hannun nan bai miƙe wa manya biyar ba, ba zai miƙe wa katako ba.

Mahaifinku,
Reuben Thwaite