Waken da Na Ƙirga a Bakin Jirgi

Zuwa ga Yaya Audu, a Ikko.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali, ni ne ƙaninka Tanko, wanda aka kawo mu bauta nan garin Bahiya, ƙetaren teku, a sarƙa ɗaya.

Ka tuna shekarar da ka samu jirgin ruwan komawa gida, ka ce in biyo ka? Cewa ka yi, "Tanko, in ka tsaya, wa zai yi maka wanka ranar da ka mutu?" Ni kuwa da taurin kaina na ce sai na ƙirga Hausawan garin tukuna.

Na cika aljihun dama da wake, na tsaya a bakin jirgi inda muke jiran dako. Duk wanda ya wuce in ce masa, "Sannu da aiki." In ya amsa da "Yauwa", in mayar da ƙwaya ɗaya aljihun hagu. Kafin la'asar hagu ya yi nauyi. Na ce in kusurwa ɗaya ta ba ni haka, ina ga gari duka? Har dariya na yi maka.

Kaicon wautata, Yaya! Ashe a mazaunin Hausawa na tsaya. Kowace ƙabila da kusurwarta, ni kuma na je na ƙirga mu a wuri ɗayan da muke taruwa. Man saman tukunya na ɗanɗana, na ɗauka haka miyar take har ƙasa.

Bana, bayan shekaru masu yawa, na sake ƙirgawa, amma na bi gari duka da waɗannan gwiwoyin nawa: kasuwa, hawan tudu, bakin teku. Sai dai a dube ni a amsa da Yarbanci, ko a wuce. Mako guda ina yawo, ƙwaya ɗaya tak na samu, Sambo mai gyaran takalma.

Jiya na yi wa Sambo wanka. Ni na zuba ruwa, ni na cuɗa, ni na ja salla, ba kowa a bayana. Da na dawo na sa hannu aljihun hagu na ciro wakensa, na rasa inda zan ajiye shi. Na yi kuka, Yaya, kamar ranar da aka raba ni da Inna.

Ka yi gaskiya, ka yafe mini dariyar nan. Abu ɗaya nake roƙo: in jirgi ya zo sau biyu ba takardata, ka tara ko mutum uku ne ku sallace ni daga can.

Allah Ya jiƙan Sambo, Ya ja kwananka, Ya haɗa mu inda za a amsa mini gaisuwa.

Naka,
Tanko