Fuskar Mamanku a Allon Kwamfuta

Zuwa ga Auta,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokin nan nawa masu kwashe min alewa. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da ke tuna min shekaruna kowace safiya. Na zaɓi takarda ne saboda a waya ba kya barin mutum ya kai ƙarshen magana.

Hoton Mamanku da kika turo ya iso, wanda aka ɗauke ta a bakin shago shekarar da muka raba shi biyu, ni da keken ɗinkina ta dama, ita da kwamfutarta ta hagu tana buga wa mutane takardu. Na buɗe shi a kwamfutar tata, wadda na dawo da ita falo bayan rasuwarta. Auta, wannan ba matata ba ce. Matar da ke allon nan gajera ce, fuskarta da faɗi kamar an zauna mata a ka, idanun sun dushe, gefen mayafin duk ya yi haƙora irin na zarto. Ni da na yi rayuwata ina auna ta ina ɗinka mata kaya, ai na san faɗin kafaɗarta.

Ba zan ɓoye miki ba, tsoro nake ji. Kwanan nan in na rufe ido ina neman fuskarta, muryarta ce ke zuwa, da ƙarar yatsunta tana buga takarda, amma fuskar ta ƙi tsayawa. Yanzu kuma wannan mai faɗin ta fara shigo min a madadinta. Ki gaya min ko hoton ne ya lalace ko allon ne ya tsufa. Kada dai ki ce idona ne, don har na ajiye sana'a ban taɓa sa tabarau ba, kowa a layin nan shaida ne.

Ki gaishe min da kowa.

Babanki.

*

Zuwa ga Auta,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan tarin ƙaramin jikana ya sauka. Takardarki ta same ni, kuma na bi ta daki-daki. Na danna maus, linzamin nan na kwamfuta, ta dama a filin allo, na shiga saitin, na tarar da jerin lambobin da kika ce, na zaɓi na can sama wanda aka nuna shi ne daidai da allon. Sai allon ya yi baƙi ƙirin. Na ce shi ke nan na kashe wa Mamanku kwamfuta. Can sai ya dawo.

Bayaninki ya shige ni, don da yaren tela kika yi shi. Kin ce allo ɗigo-ɗigo ne kamar saƙar yadi, in aka ba shi ɗigon da bai kai nasa ba sai ya ja hoton ya cike wurin, kamar a tursasa wa ƙato rigar yaro. Haka kuwa aka yi. Mamanku ta miƙe, wuyanta ya dawo, ta zama siririyar nan da na sani. Na zauna ina ta kallonta.

Amma kin gyara min ɗaya kin ɓata ɗaya. Rubutu duk ya koma tururuwa. Labaran da nake karantawa da hantsi sun gagare ni, sunayen fayilolinta ma sai na kusa manna hanci a allo. Na wuni ina kai da kawowa: in mayar da shi yadda yake in yi karatu ta koma gajera, in gyara ta fito karatu ya gudu. Ita kanta fuskar, ko da ta daidaita, akwai sauran hazo a kanta. Laifin masu ƙera abin ne. Tun ranar da aka kawo allon nan da manyan haruffa na san shi, Mamanku da bakinta ta ce min haka sababbin suke zuwa. Ki nemo min dabara.

Naki,
Babanki.

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Gaisuwa irin ta uba, da fatan alheri gare ku baki ɗaya. Na yi jinkirin amsa, ba don rashin lafiya ba.

Kin rubuta cewa babu allon da ke zuwa a haka, sai dai in wani ya shiga da hannunsa ya zaɓa. Layi ɗaya ne, amma ya hana ni sakat. Mamanku tana da tabarau, da shi take karanta rubutun jikin kwalbar magani. Me za ta yi da manyan haruffa? Na tuna yadda shafi ba ya shiga mata allo gaba ɗaya, sai ta yi ta ja sama da ƙasa, masu takardu na tsaye a kanta suna tsaki. Na tuna kuma ba a ranar farko allon ya zama haka ba. Sai bayan wata la'asar da na zauna karanta labarai, na yi ta matsawa ina ja da baya, ina zagin kamfani. Ita tana gefe tana ninke yadi. Washegari rubutu ya yi ɓaro-ɓaro, na ce mata kin gani, jiya ma bai gama zama ba ne. Ta ce, "Haka ne, maigida."

Daga nan sauran abubuwan suka yi ta faɗo min a rai. Allurai na hannu da nake tararwa a jere jikin matashin fil kowace safiya, kowacce da zarenta, fari da baƙi da shuɗi. Na ɗauka hannunta ne ba ya iya zama. Ashe shekara da shekaru ina cika baki a layi da idanun matata.

Kin ce akwai wani wurin da ake ƙara girman rubutu ba tare da an taɓa hoto ba. Ki bar shi, na gode. Ita ta yi nata gyaran, saura nawa. Na je asibitin ido, likitar ta tambaye ni yaushe abin ya fara, na ce kwanan nan, ta dube ni ta ci gaba da rubutu. Tabarau ɗin yana kan hancina yanzu da nake rubuta miki, maƙwabcinmu mai aski har ya fara kirana farfesa.

Da na dawo daga asibitin na kunna kwamfutar, hazon nan ya tafi. Ga wushiryarta, ga ɗan tabon da ke gefen girarta, ga ɗinkin wuyan rigar da ni na yi shi. Kuma Auta, ba mai hoto take kallo ba. Ta gefen ido take kallon ɓangaren dama, inda kekena yake, da ɗan murmushin nan da take yi in na fara kuri. Yanzu ko na rufe ido fuskar tana nan ba ta gudu. Na ce mata, "To, ga shi na sa." Na yi dariya, daga baya sai da na cire tabarau ɗin na goge.

Allah ya jiƙanta, ke kuma ya yi miki albarka. In za ku zo hutu ki taho da sauran hotunan.

Ni ne,
Babanki mai tabarau.