Kamun Ƙafa da Ganyen Ayaba

Litinin, 3 ga Yuni

Kai mai leƙen littafin mutane, tunda ka buɗe, ga kacici-kacici ka biya kuɗin shiga. Ba wanda ya zaɓe ta, ba ta da kujera a majalisa, daga aji huɗu ta gudu daga makaranta, amma shekara goma sha ɗaya duk dokar da ta fito a garin nan sai an ce da hannunta a ciki. Wace ce? Ka yi ta tunani.

Damina ta sauka. Bokiti uku a ɗaki, na huɗu a kan gadona. Rufin nan ya girme wa jikokina duka.

Laraba, 5 ga Yuni

Maƙwabciyata Luming, mai sayar da kifi, ta dawo min da kwando. Na aika mata da suman ranar Asabar, shinkafa mai danƙo da madarar kwakwa a naɗe cikin ganyen ayaba, ta ciko min shi da busasshen kifi, manya, irin wanda take ɓoye wa masu saye. Shekara hamsin ɗan kwandon nan yana zirga-zirga tsakanin gidana da nata, bai taɓa komawa fanko ba. Mai mutunci ba ya mayar da kwando fanko, ko gishiri ne sai ya zuba.

Ta zauna, ba ta taɓa kofi ba, sai na san da magana. Wani kamfani yana so ya kafa kejin kifi a bakin tekunmu, daidai inda 'ya'yanta biyu ke jefa koma. Dokar tana gaban majalisar gari. Huɗu na so, huɗu ba sa so, saura Pidoy bai faɗi ɓangarensa ba.

"Ki yi wa yaronki magana, Petring."

Na ce ta bar min. Abin da nake ce wa kowa ke nan.

Pidoy dai shi ne Kansila Wilfredo Gumban a bakin mutane. Ni ce ninang ɗinsa, ni na riƙe shi ranar baftisma, ya kuma yi min fitsari a sabuwar riga gaban limamin coci. Har yau in ya gan ni sai ya sunkuya ya ɗora bayan hannuna a goshinsa. Yaro ba ya ce wa ninang ɗinsa a'a. Gari ya san haka, shi ya sa ake kawo min kaji.

Gaskiyar da ba na faɗa wa kowa: ba na ce masa komai. In kai suman, in tambaye shi hawan jininsa, in dawo. Wanda ya yi nasara ya kawo kaza ta biyu. Wanda ya faɗi ya ce ai Lola ta yi ƙoƙari, haka ake kiran kaka a nan. Ban taɓa cutar kowa ba. Kajin ne kawai ke da ƙorafi.

Asabar, 8 ga Yuni

Wani Mista Villaruel na kamfanin ya zo da farar mota. Bai san ni ba amma ya ɗora hannuna a goshinsa, goshi duk turare. Ya ce mutum sittin za su sami aiki. Ya ce za a bar wa masunta hanya. Yana magana yana ƙirga bokitaina da ido.

Bai roƙe ni komai ba. Ya ce dai in na ga yarona. Ya ce kuma kafintoci za su zo Litinin, bai kamata tsohuwa ta kwana da bokiti ba.

Ban ce to ba. Ban ce a'a ba.

Litinin, 10 ga Yuni

Sun gama kafin rana ta faɗi. Kwano sabo fil, shuɗi. Luming ta leƙo ta katanga ta yi min barka, na ce mata ɗana Junior ne ya aiko daga jirgin ruwan da yake aiki. Junior da ko sabulu bai taɓa aikowa ba.

Talata, 11 ga Yuni

Na je ofishin Pidoy da suman goma sha biyu. Na yi niyyar hawan jini kawai, kamar kullum. To amma kaza daban, rufi daban. Kaza kana ci ka manta, rufi yana bisa kanka. Sai na ji bakina yana cewa aiki sittin ba wasa ba ne, ya duba kejin nan da idon rahama.

Ya ajiye suman ɗin da ya fara ɓarewa.

"Ninang, wa ya aiko ki?"

Na ce ƙafafuna. Ya yi murmushi, ya ja wata takarda ya yi rubutu. Na zaci sittin ɗin yake rubutawa don kada ya manta.

Alhamis, 13 ga Yuni

Charito ta zo cin abincin rana da fuska kamar wadda ta haɗiyi ƙayar kifi. Jikata ce, ita ce magatakarda a majalisa. Na tsokane ta ko saurayin ne ya gudu, ba ta yi dariya ba.

"Lola, Kansila ya rubuta ki."

Ashe tun watan Afrilu suka yi dokar kamun ƙafa. Duk wanda ya je wa kansila da maganar dokar da ke gaban majalisa a madadin wani, kuma an ba shi wani abu, sai ya shiga littafi cikin kwana goma sha biyar: sunansa, wanda ya aiko shi, abin da ya roƙa, abin da aka ba shi. Shi ma kansila ya rubuta wanda ya zo masa. Ƙarshen wata a liƙa duka a allon ƙofar kasuwa. Wanda bai shiga ba, a liƙa sunansa da jan biro, ga tara. Littafin a hannun Charito yake.

Na ce masu kamun ƙafa suna Manila da jaka da takalmi mai ƙara, ni mai suman ce. Ta tambaya ko an ba ni wani abu. Na ce kamar me. Sai ta ɗaga kai ta kalli sabon rufin. Yarinyar nan ta gado ni.

Na ce damina ce, shafi ɗaya yana iya jiƙewa. Na tuna mata wanda ya goya ta lokacin ƙyanda.

"Ni na rantse a kan littafin, Lola. Zuwa ashirin da shida ga wata."

Allon nan taku goma ne daga teburin kifin Luming.

Lahadi, 16 ga Yuni

A coci Luming ta matse min hannu ta raɗa min ko na je. Na ce na je. Ta ce Allah ya saka.

Ai kuwa na je ɗin.

Talata, 18 ga Yuni

Na bi Pidoy gida don ya goge sunana. Ya ɗora hannuna a goshi, ya ba ni kujera mai laushi, matarsa ta kawo ruwan kwakwa. Suman kuwa ya ƙi taɓawa, wai in ya ci sai ya sake rubutu. Na ce yaron da na share wa majina yau shi ke min doka. Na yi fushin da ya kamata, har na nemi hawaye, ba su zo ba.

Ya bar ni na gama, sannan ya ce:

"Ninang, shekara goma sha ɗaya kina zuwa ba kya cewa komai. Na san ana kawo miki kaji, na ce ki ci lafiya. Ranar da kika yi magana kuwa, dole in san bakin wa nake ji."

Ashe ya sani. Duk shekarun nan ina ganin ni ce mai wayo, ashe ɗan banzan yana kallona yana cin suman.

Bai goge ba. Ya dai rako ni har bakin titi ya biya min kuɗin keke.

Juma'a, 21 ga Yuni

Villaruel ya dawo, yau ba goshi. Ya ce shi lauyansu ya riga ya shiga littafin, shi ne na huɗu, ba sa buƙatar suna na biyu. In an tambaye ni in ce ra'ayina ne na kai, rufi kuma taimakon tsohuwa ne, ba shi da haɗi da komai.

Na juya maganar yini guda. Tana da daɗi. Sai dai in na ce ra'ayina ne, Luming za ta karanta cewa ni da kaina, ba wanda ya sa ni, na so a kori 'ya'yanta daga ruwa. Gara ta san an saye ni.

Litinin, 24 ga Yuni

Bikin San Juan. Kowa a bakin teku ana watsa wa juna ruwa. Luming ta juye min tulu guda a ka tana dariya, haƙoranta huɗu duk a waje. Na buɗe baki in faɗa, sai na ce gasasshen kifin ya yi gishiri.

Talata, 25 ga Yuni

Na cika kwando na je. Na same ta a bayan gida tana juya kifi a kan ragar shanya, rana ta ɗan leƙo. Na ajiye kwandon a kan dutse, ban zauna ba. Na faɗa mata daga farar mota har takardar Pidoy. Ban sa barkwanci ko ɗaya ba, abin ya yi min wuya kamar tafiya ba takalmi.

Ba ta daina juya kifi ba. Layi guda ta gama, ta shiga na biyu.

"Ba Junior ba ne ke nan."

Na ce ba shi ba ne.

"Yana yoyo?"

Na ce ba ya yi.

"To madalla."

Da zan fita ta ce, ba tare da ta juyo ba, da na ce mata ba zan iya ba, da ta je da ƙafarta. Wai sati uku ta zauna tana jira, har ta hana matan unguwa zuwa majalisa, tana ce musu Petring ta riƙe maganar.

Wannan ban sani ba.

Laraba, 26 ga Yuni

Na sa rigar coci na je. Charito ta kira ni Uwargida Sumagaysay, ta ce in zauna, kamar ba ni nake wanke mata ɗan kamfai ba. Ta ce za ta rubuta min, na ce aji huɗun nan ba a banza na yi shi ba.

Na rubuta. Wanda ya aiko ni: kamfanin keji. Abin da na roƙa: a yarda. Abin da aka ba ni: rufi. Layin ya gangara kamar hanyar rafi.

Na tambaye ta ko in sa kifin Luming, tunda shi ma na karɓa. Ta ce na yi magana a madadinsu? Na ce a'a. Ta ce to ba shi da gurbi a littafin.

Duk cikin abin da aka faɗa min a watan nan, wannan ya fi zauna min.

Alhamis, 27 ga Yuni

Kwando a rataye a ƙyauren gida da safe. An wanke shi tas, an shanya. Fanko.

Talata, 2 ga Yuli

An liƙa. Mahauta suna kirana Lauya. Mai gishiri ta ce in zo in duba mata rufinta ko zan san wani. Na ce ta fara samun yaro a majalisa tukuna. An yi dariya, ni ma na yi. Teburin kifi ne kaɗai shiru.

Charito ta ce jiya Luming ta je da mata ashirin da biyu, duk da warin kifinsu, suka bi kansilolin ɗaya bayan ɗaya har wanda ya ɓuya a banɗaki. Sannan suka tsaya wai sai an rubuta su. Charito ta yi musu bayani cewa wanda ya zo da bakinsa, ba a ba shi komai ba, ba ya shiga littafi. Luming ta ce a rubuta ta duk da haka, a ƙarƙashin nawa, don mai karantawa ya gwada.

Asabar, 6 ga Yuli

Na kai suman na rataya mata a ƙofa. Ya dawo fanko. An dai cinye.

Talata, 9 ga Yuli

An yi ƙuri'a. Za a kafa kejin, amma can bayan babban dutse, rabin abin da kamfani ya nema. Pidoy ne ya kawo gyaran. Kamfani na gunaguni, masunta na gunaguni. Ba wanda ya kawo min kaza.

Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ɗaki a bushe ƙarau. Ƙarar ruwa a sabon kwano ta fi ta tsohon, ba wanda ya gaya min.

Lahadi, 14 ga Yuli

Shugaban masu keke ya zo da zakara a hammata, wai za a tashe su daga gaban kasuwa, in yi wa Pidoy magana. Zakara mai kyau, ja, ya kai kilo biyu. Na ce ya hau bene, ƙofa ta uku, ya tafi da mutanensa su faɗa da bakinsu. Ya koma da zakaransa. Gwiwata ce ke ciwo, benen nan ya yi min tsawo. Ba wani abu ba.

Jiya na sake rataya kwando. Yau bayan coci na same shi a ƙyaure. Na ɗaga na ji kamar fanko, na buɗe. Ƙananan kifi ne cikin tafin hannu, irin wanda ake watsa wa kyanwa. Na soya su da tumatir, na cinye har kawunan.

Kai mai leƙe, amsarka tana allon ƙofar kasuwa, shafi na biyu, lamba goma sha bakwai: Perpetua Sumagaysay, shekara saba'in da huɗu, mai sayar da suman. Sau ɗaya ta taɓa yin magana.