Rabin Waƙar Kaka

Yaya Ayitey,

Zan kai Kaka asibiti, numfashinta ya ƙi daidaita. Ka yafe mini, laifina ne.

Da safe ta ce in kunna mata waƙar cocin nan da take so. Jiya da ka gama haɗa lasifikokin ka nuna mini maɓallin ɗakinta, amma na ji kunyar in ce ban gane ba. Sai na danna na gidan duka. Waƙa ta tashi a kowane ɗaki, har da lasifikar baranda, ga shi muna cikin watan da aka hana kiɗa da hayaniya a garin nan kafin bikin gargajiya na Homowo.

Samarin unguwa suka shigo da sanduna. Na gabansu ya ce, "Ke, kurma ce ko baƙuwa ce a garin nan?" Suka fizge wayoyin, suka tafi da akwatin kunna waƙar. Kaka ta taso tana ba su haƙuri, a bakin ƙofa ta faɗi.

Don Allah kada ka bi su, na san zuciyarka. Ka jira Kawu Okai ya raka ka wurin dattawa.

Muna jiran mota, tana ta tambayata me ya sa waƙar ta tsaya a tsakiya. Ban taɓa yin waƙa a gaban mutum ba, amma zan ƙarasa mata a kunne, a hankali, yadda ba wanda zai ji.

Ƙanwarka,
Lamiley