Zoben Yatsun Badaru

Talata, 7 ga Oktoba, 2025

Na fita takaba. Maƙwabta sun zo, an sha shayi, an watse. Kayan nutson mijina Badaru na nan bayan ƙofa, baƙar rigar roba da takalman nan masu kama da ƙafar agwagwa. Har yanzu warin gishiri suke yi.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Bayan la'asar na tsaya a shingen Baƙi'a, maƙabartar nan ta Madina, tare da sauran mata, tunda mu ba ma shiga. Ko na shiga ma, wane kabari? Duwatsu ne ba suna. Na yi addu'a ina kallon tantabaru. Ban ji komai ba, kuma wannan ya ba ni tsoro.

Lahadi, 19 ga Oktoba

'Yata Sundus ta ce in bi ta Yanbu, can bakin teku, in ga inda babanta yake nutso. Ni da iyakata da ruwa bokiti. Shekara da shekaru ina yi masa mita: mutum da girmansa, ya kwashe mako yana jidar akwatunan alhazai a filin jirgi, ranar hutu kuma ya tafi teku ya zama kifi. A Bur Sudan ya koyo, ya kuma shafa wa 'yarsa. Na ce mata a'a da Hausa, ta ci gaba da lallashi da Larabci.

Talata, 21 ga Oktoba

Na ce to. Ban san dalili ba.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Huda, malamar Sundus, ta shigar da ni tafkin wanka na mata, ta koya mini shaƙar iska ta bututu. Sai alamun hannu, tunda a ƙarƙashin ruwa ba magana. Ta haɗa babban yatsa da manuni kamar zobe, sauran ukun a tsaye. Na yi dariya, na ce ai wannan ta Badaru ce. Kullum zai fita aiki sai ya yi mini ita daga bakin ƙofa. A nan kuwa matan unguwa da ita suke yi wa yaro kashedi, wato zan dawo kanka. Sai in ce masa, "Ni kake wa barazana? Tafi, ka makara."

Huda ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ya khala," wato inna, "tambaya ce. Lafiya kike? Lazim, dole a mayar da ita. Wanda bai mayar ba, mun san yana cikin matsala, ba ma barinsa." Ta ce kuma ba a ƙarya da ita. In ba lafiya, sai a karkaɗa tafin hannu.

Sai na tuna: a asibiti, da bututu a bakinsa, Badaru ya ɗaga mini ita. Na ce, "Ko a nan ma tsokana?" Ya riƙe hannun a sama yana kallona, har hannun ya gaji ya faɗi kan bargo.

Don me bai taɓa faɗa mini ba? Ko faɗan da nake masa yake jin daɗi?

Asabar, 1 ga Nuwamba

Yau ban iya girki ba. Kuka dai, wanda ban yi ba duk cikin takaba.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Jirgin ruwa ya yi ta tafiya da mu har ƙasa ta ɓace. Na yi amai, na yi nadamar zuwa, na faɗa wa Sundus. Aka goya mini tukunyar iska, na karanta duk abin da na haddace, muka sauka a hankali muna riƙe da igiya, Huda a dama, Sundus a hagu. Kunnena ya yi zafi. Huda ta yi tambayar, na karkaɗa hannu. Muka ɗan hau, na toshe hanci na hura, ya buɗe.

Murjani, ni jan dutsen wuyan kakata na sani. Ashe gari ne, mai rassa da lunguna, kifaye ƙanana ruwan lemo suna shiga suna fita, ba ruwansu da mu. Ba ƙara sai numfashina. Nan yake zuwa ke nan, ina gida ina mita.

Sundus ta juyo. Cikin gilashin, idanun babanta ne sak. Ta haɗa yatsu ta riƙe tana jira. Na tsaya na duba kaina sosai, don kada in yi ƙarya. Sannan na mayar mata.

A jirgi ta zauna kusa da ni, ta ce, "Sannu, Yumma," wato Mama. Sannun nan da Hausa, ita da kullum Larabci take mini. Na yi kamar ban lura ba, kada ta ji kunya ta daina.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Na wanke rigar robar da ruwan daɗi yadda yake yi, na shanya a inuwa. Ta yi mini yawa a kafaɗa, amma Sundus ta ce ana ragewa. Ban ce zan koma ba.

Bayan la'asar, shingen Baƙi'a. Na yi addu'a. Da na gama, na haɗa yatsun a ƙarƙashin mayafi, inda ba mai gani. Ban sani ba ko ya dace, kuma ba zan tambayi kowa ba. Na daɗe ban sauke hannun ba.