Bugu Uku a Bangon Madafi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na san babu mai kai miki wannan wasiƙa. Amma wata bakwai ke nan da rasuwarki, kuma na kusa yin wani abin kunya da ba wanda zan iya faɗa wa sai ke.

Mun dawo gida Bebeji, Inna. Na bar kwatas ɗin ma'aikatan ruwa na Tiga, kullum a babur nake zuwa aiki, don na kasa jure ganin kwaɗo a ƙofarki. Hadiza ta sauka lafiya, mace. Sunanki aka raɗa mata, shi ya sa ba mai iya kama sunan, Ummi muke ce mata. Goshinki ta ɗauko, da rashin son hayaniya.

Hayaniyar kuwa ita ce maganar. Kin san maƙwabcinmu Baba Iro maɗori, da bangonmu yake ɗaya. Rana ba ta faɗuwa ba a kawo masa mai karaya ba: wanda ya faɗo daga amalanke a Ɗansoshiya, wanda rami ya rufta wa ƙafa a Riruwai, 'yan babur ɗin hanyar Tudun Wada kuwa ba a magana. Direba ba zai kutsa gidan mutane ba, sai ya tsaya a ƙofa ya danna hon. Da kina nan ma ana yi, amma sau ɗaya ne ko biyu, sai a ji shiru. Yanzu mutum sai ya kwantar da hannu a kai kamar biyansa aka yi. Hadiza ta yi ta jijjiga har Ummi ta samu barci, ta lallaɓa ta kwantar, kafin ta juya mota ta tsaya. Yarinya ta firgita, ta yi ta tsala kuka har ta shiɗe. Maijego ta rame, ido ya faɗa. Ni kuwa na yanke hukunci cewa mutanen yanzu ne ba su da tarbiyya.

Kin san ɗanki. "Sha ruwa tukuna, sannan ka yi magana," haka kike ce mini tun ina ƙarami. Ban sha ba. Na liƙa takarda a jikin zaure cewa a daina hon, akuya ta cinye rabi, rabin da ya rage ba wanda ya karanta. Wata Asabar na yi wa wani direba tatas, sai da na gama na leƙa bayan motar na ga tsohuwa kwance, ƙugu a goce, tana kallona. Na ji kunya, amma kunyar ba ta hana ni ba. Na zauna na rubuta ƙara zuwa ga mai unguwa, cewa a sa Baba Iro ya koma bayan gari da ɗorinsa. Mutumin da ya ɗora mini hannu lokacin da na faɗo daga mangwaron makaranta, ko goro bai karɓa ba. Na rubuta, Inna, har na sa hannu.

Hadiza ce ta ce ko ba komai in fara shiga in gaya masa, kada dattijo ya ji a bakin wani.

Na same shi bayan la'asar can ƙuryar gida, zaune kan buzu, ya jingina da bango yana fere karan ɗori. Sallama uku na yi bai ɗago ba, sai da inuwata ta faɗa kansa. Wayarsa na gefe tana ta ƙara, bai san tana yi ba. Na san kunnensa ya yi nauyi, ban san ya kai haka ba. Gidan kuma ba kowa tun rasuwar matarsa Goggo Delu, 'ya'ya duk suna birni.

Na durƙusa, na ɗaga murya na yi masa bayanin hon. Ya daɗe yana kallon bakina. Sannan ya kai hannu baya ya shafa bangon, ya ce:

"Ai ba na jin su, ɗana. Mahaifiyarka ce ke ji mini. Da mota ta yi hon sai ta buga nan sau uku da taɓarya, in ji a bayana, in tashi. Tun da ta tafi bangon ya yi shiru. Ina dai jingina."

Ya ce bai taɓa roƙonki ba. Kwana kaɗan da rasuwar Goggo Delu aka kawo wani, ana ta hon bai sani ba, sai ya ji bugu a gadon bayansa. Tun daga ranar, shekara da shekaru, ko sau ɗaya ba ku taɓa tayar da zancen ba. In kun haɗu a hanya gaisuwa ce kawai, ki wuce.

Takardar tana aljihuna. Ban fito da ita ba.

Na koma gida na shiga madafinki. Kin tuna kwarmin nan na jikin bango, gefen turmi, mai santsi kamar cikin ƙwarya? Sau nawa ina cewa zan kawo magini ya shafe shi, kina cewa in bar miki bangonki. Na ɗauka tsufan gini ne. Har siminti na sayo bayan rasuwarki, yana zaure a ajiye. Na sa tafin hannuna a cikin kwarmin, na yi kukan da na kasa yi ranar jana'izarki.

Sai na tuna yadda kike miƙewa ana tsaka da hira, ko kina cikin cin tuwo, ki ce bari ki duba wuta. Mu ji dum, dum, dum, ki dawo ki zauna. Mu yi ta dariya wai Inna na korar ɓera. Kina jin mu, ba ki taɓa gyara mana ba.

Takardar ƙarar, Hadiza ta hura wutar ruwan wanka da ita. Yanzu in ina gida ni ke bugawa, in na tafi Tiga ita ke yi, da Ummi a goye. Hon ɗaya, bugu uku, sai a ji Baba Iro ya ja takalmi ya nufi zaure. Ummi takan ɗan motsa ta koma barcinta.

Ranar farko da na buga, ina ajiye taɓaryar na ji an amsa daga can, sau ɗaya, a hankali. Ban sani ba ko da ma haka yake amsa miki. Ban tambaye shi ba, wannan na bar muku.

Ki yafe mini, Inna. Allah ya jiƙanki, ya haskaka makwancinki, ya sa kowane bugu da kika yi ki same shi a mizaninki. Allah ya ƙara wa Baba Iro lafiya, ya raya takwararki da irin halinki, ni kuma ya sanyaya mini zuciya. Amin.

Simintin na kai masallaci. Bangonki yana nan yadda kika bar shi.

Ɗanki da har yanzu yake koyon shan ruwa,
Sani